Hutu da Zumunci a Tsakiyar Kaka

Karatu: Fitowa 34:21-24 da Markus 6:30-46

 

Daga Satumba zuwa Disamba babu wanda hannunsa yake wofi. A ƙauye gero ya shiga rumbu, masara tana jiran a karye ta, wake kuwa in ya bushe ba a rore shi ba sai ya farfashe ya zube a ƙasa. Kafin a gama da gyaɗa shinkafa ta nuna, kafin a gama sussukar shinkafa dawa ta yi kira. A birni ma haka abin yake. Tela yana kwana a kan keke saboda ɗinkin Kirsimeti, direba yana so ya ƙara sawu ɗaya kafin dare, iyaye suna fama da kuɗin makaranta na zangon farko, ga katunan aure sun taru a kan tebur. Ikilisiya kuma ba a bar ta a baya ba: ga sujadar godiyar kaka, ga taron farkawa, ga babban taron ƙarshen shekara, ga mawaƙa suna koyon waƙoƙi kowace yamma.

Duk waɗannan abubuwa masu kyau ne. Amma lokaci ɗaya ne, sa'o'i 24 ne a yini ga kowa. Idan aiki ya ƙaru, dole a yanki wani abu a ba shi wuri, abubuwa biyu ne kuwa muka saba fara yankewa: barci da mutane. Shi ya sa sau da yawa Janairu takan sami rumbu a cike, amma maigida yana asibiti ana auna jininsa, mata da miji sun yi watanni ba su zauna sun yi hira ba, yaro ya sami sababbin abokai da iyayensa ba su sani ba, wata tsohuwa a ikilisiya ta yi mako uku a kwance ba wanda ya leƙa ta. Darasinmu na yau yana tambaya: me Allah ya faɗa a kan hutu a lokacin da aiki ya fi yawa, su wa kuma yake so mu huta tare da su?

1. Allah ya san da kaka sa'ad da ya ba da umarnin hutu

Buɗe Fitowa 34:21. Musa yana kan Dutsen Sina'i karo na biyu, bayan zunubin ɗan maraƙin zinariya, Allah yana sabunta alkawarinsa da Isra'ila. Ya maimaita umarnin da suka riga suka sani, wato kwana shida na aiki, na bakwai na hutu. Amma a nan ya ƙara abin da bai faɗa a Fitowa 20 ba. Ya ambaci lokatai biyu da sunansu, lokacin noma da lokacin girbi, ya ce umarnin yana nan daram har a cikinsu.

Me ya sa waɗannan biyu? Domin su ne lokatan da manomi yake da hujja mafi ƙarfi. Da rani kowa zai iya hutawa, gindin bishiya ma ya shaida. Amma sa'ad da ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi laushi, ko sa'ad da hatsi ya nuna tsuntsaye suna shawagi, kwana ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin ƙoshi da yunwa. Allah ya san hujjar da za mu kawo tun ba mu kawo ta ba, ya kuma amsa ta tun a kan dutse.

Wani zai ce, to, Karin Magana 10:5 fa? Ai wannan aya ta kira mai barci a lokacin girbi ɗa mai jawo kunya. Gaskiya ne, Maganar Allah ba ta taɓa goyon bayan rago ba. Umarnin da ya ba da kwana ɗaya na hutu shi ne ya ba da kwana shida na aiki. Wanda ya kwanta daga Litinin zuwa Asabar wakensa yana zuba a gona ya karya umarnin, kamar yadda wanda ya haɗa kwana bakwai bai ajiye lauje ba ya karya shi. Rago bai gaskata cewa Allah yana albarkatar aikin hannu ba. Mai aikin da ba ya tsayawa kuwa bai gaskata cewa Allah yana iya riƙe gona ba tare da shi ba. Ciwon ɗaya ne, rashin bangaskiya.

Tun a jeji Allah ya koya musu wannan da manna, a Fitowa 16. Wanda ya ɓoye ta domin gobe, ta yi tsutsa ta yi wari. Amma ta rana ta shida, wadda suka tara riɓi biyu, ta kwana lafiya. Waɗansu duk da haka sun fita da kwanonsu a rana ta bakwai, suka dawo hannu wofi. Shekara 40 ana wannan darasi kowane mako, domin mutanen da suka fito daga bautar Masar su gane cewa ransu ba a hannun gumin goshinsu kaɗai yake ba. Bawa ba ya hutawa. Ɗa ne yake iya ajiye fartanya ya shiga gida, domin ya san gonar ta Ubansa ce.

Duba kuma aya ta 24 ta karatunmu. Allah ya umarci mazan Isra'ila su hallara a gabansa sau uku a shekara, ya kuma san abin da zai riƙe ƙafarsu: in na tafi, wa zai duba mini ƙasata? Sai ya yi musu alkawari cewa shi zai tsare ta daga masu ƙyashi. Mu ma mun san wannan tsoro. Akwai 'yan'uwa da suke kwana a gona saboda ɓarayi ko dabbobi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Bangaskiya ba ta ce ka bar damin dawarka a fili ka tafi ba. Amma gonaki huɗu da suke maƙwabtaka za su iya raba gadi, kowa ya sami daren da zai kwana a gidansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa tsaron da Allah ya yi alkawari ta hannun ɗan'uwanka yake zuwa.

2. Hutun da Allah ya tsara yana da mutane a cikinsa

Idan aka ce hutu, yawancinmu abin da muke gani shi ne mutum ɗaya a ɗaki, ƙofa a rufe. Wannan yana da wurinsa. Amma karanta Maimaitawar Shari'a 5:14 ka ƙirga waɗanda aka lissafta: ɗa, 'ya, bawa, baiwa, sa, jaki, da baƙon da yake zaune a garin. Dalilin da aka bayar shi ne domin masu yi maka aiki su huta kamar yadda kai ka huta. Ashe hutunka bai cika ba in a kan wuyan wani ka ɗora shi.

Maigida, ka yi wa kanka wannan tambaya. Ran Lahadi kai ka dawo daga sujada ka miƙe a kan tabarma. Matarka fa? Ta tashi tun asuba ta ɗora ruwa, ta yi wa yara wanka, ta zauna a sujada da goyo, ta dawo ta shiga madafa, da yamma ga taron zumuntar mata. Yaushe Lahadinta take zuwa? Yarinyar da take taya ku aikin gida fa, da yaron shagonka, da 'yan ƙwadagon da suke yankar maka shinkafa? Allah ya sa sunansu a cikin umarnin, kada kai ka share.

Ga wani abu kuma. Babban idin farin ciki na Isra'ila a kaka yake faɗuwa. Ana kiransa Idin Bukkoki, ko Idin Tattarawa. Bisa ga Littafin Firistoci 23, yana farawa ran 15 ga wata na bakwai, wanda yakan faɗo tsakanin Satumba da Oktoba, bayan an gama da masussuka da wurin matse inabi. Kwana bakwai ake yi. Rana ta farko ta hutu ce, rana ta takwas ma haka. Mutane sukan fita daga ɗakunansu su zauna a bukkokin da suka yi da rassan itatuwa, domin su tuna yadda kakanninsu suka zauna sa'ad da Allah ya fito da su daga Masar. Ka yi tunani: daidai lokacin da rumbu ya cika, lokacin da zuciya take so ta ce na isa, Allah ya ce mai arziki da talaka duk su koma bukka. A bukka babu katanga mai tsawo, kana jin tarin maƙwabcinka, shi ma yana jin ƙanshin miyarka.

Maimaitawar Shari'a 16:13-15 ta faɗi waɗanda za su ci wannan idi tare da mai gona: 'ya'yansa, bayinsa, Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Huɗun na ƙarshe ba su da gonar da za su girba. Allah ya tsara kaka yadda wanda bai shuka ba ma zai yi dariya a cikinta.

Yanzu ka gwada wannan da mai arzikin da Yesu ya ba da misalinsa a Luka 12:16-21. Gonarsa ta yi albarka har rumbuna suka kasa. Shi ma hutu yake nema, domin ya yi wa ransa albishir cewa lokacin shaƙatawa da ci da sha ya yi. Amma karanta misalin ka nemi mutum na biyu. Babu mata, babu ɗa, babu maƙwabci, babu ma'aikatan da suka yi masa girbin. Da kansa ya yi shawara, da kansa ya amsa. A daren nan aka karɓi ransa, Allah kuma ya kira shi wawa. Hutun da babu Allah babu mutane a cikinsa, ko da rumbu goma ne a bayansa, kaɗaici ne kawai mai ƙoshi.

3. Yadda Yesu ya riƙe biyun

A Markus 6 manzanni sun dawo daga aikin da Yesu ya aike su bibbiyu. Sun yi wa'azin tuba, sun fitar da aljanu, sun shafa wa marasa lafiya mai sun warke. Wannan kaka ce ta ruhaniya. Mutane suna ta shiga da fita, har Markus ya ce ko damar cin abinci ba su samu ba. A daidai wannan lokaci ne kuma labarin kisan Yahaya Maibaftisma yake sabo. Jiki ya gaji, zuciya tana makoki, ƙofa kuwa a buɗe take ga bishara.

Da mu ne, da mun ce a ci gaba tun ƙarfe yana da zafi. Yesu kuwa ya kira su su keɓe tare da shi a wurin da ba kowa, su ɗan huta. Lura da abu uku. Shi ya ga gajiyarsu tun ba su faɗa ba. Bai sallami kowa ya tafi gidansa shi kaɗai ba, a jirgi ɗaya suka shiga. Kuma shi kansa yana cikin jirgin. Hutu ne na jiki, cikin zumuncin 'yan'uwa, a gaban Ubangiji.

Amma labarin bai tafi yadda aka shirya ba. Jama'a sun gane inda suka nufa, suka bi ta tudu da gudu suka riga su isa. Yesu ya sauka ya tarar da taro. Bai yi fushi ba, bai ce yau ranar hutuna ce ba. Ya ji tausayinsu domin sun yi kama da tumakin da ba su da mai kiwo. Ya koyar da su, ya zaunar da su ƙungiya ƙungiya a kan ɗanyar ciyawa, ya ciyar da maza 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, har aka kwashe ragowar kwando 12.

Kada ka tsaya a nan, domin mutane da yawa a nan suke rufe littafin su ce, ka gani, hidima ta fi hutu. Karanta aya ta 45 da ta 46. Da aka gama ci, nan da nan ya sa almajiran suka shiga jirgi, shi ya tsaya ya sallami taron, sa'an nan ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Mutanen nan ba su gaji da shi ba. Yahaya 6:15 ta nuna har so suka yi su naɗa shi sarki ƙarfi da yaji. Shi ne ya ce ya isa. Tausayi ya sa ya ɗaga lokacin keɓewa, amma bai soke shi ba.

Wannan shi ne ma'auninmu. Idan larura ta gaske ta ƙwanƙwasa ƙofa ranar hutunka, buɗe. Maƙwabciya tana naƙuda, hadari ya taso shinkafa tana shanye a fili, ɗan'uwa ya yi hatsari a hanya, ka tashi. Yesu da kansa ya koyar a Markus 2:27 cewa domin amfanin mutum aka ba da ranar hutu, Bulus kuma a Kolosiyawa 2:16-17 ya hana mu mayar da ranaku abin hukunta juna. Ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda da maigadi da aiki ya kama su ran Lahadi ba su yi zunubi ba, sai dai su keɓe wata rana. Amma ka yi gaskiya da kanka. Larura ba ta zuwa kowane mako. Abin da yake zuwa kowane mako, sunansa hali.

4. Magana ga masu hidima a gidan Allah

Mu da muka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki muna da wata jaraba tamu ta musamman. Muna iya ɗauka cewa shafewar Ruhu ta ɗauke mana bukatar barci. Fasto, dattijo, shugabar mata, mai kiɗa, mai share ɗakin sujada, ku saurara.

Iliya ya yi addu'a wuta ta sauko a Dutsen Karmel a gaban annabawan Ba'al 450. Ya yi addu'a ruwa ya sauko bayan fari na shekaru. Ikon Ubangiji ya sauko masa har ya riga karusar Ahab isa Yezreyel da ƙafa. Amma a 1 Sarakuna 19, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ga mutumin Allah a gajiye, ga shi kuma ya raba kansa da mutum ɗaya da yake tare da shi.

Me Allah ya fara yi masa? Bai tsawata masa ba, bai sa shi azumi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi waina da ruwa, ya sāke kwanciya, aka sāke tashe shi ya ci. Sai bayan wannan aka yi maganar Horeb. A can Iliya ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage. Allah ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, wanda zai zama abokin tafiyarsa. Barci, abinci, muryar Allah, da aboki. Da waɗannan huɗu aka ɗaga annabi.

Kwanan addu'a abu ne mai albarka, Ubangijinmu ma ya kwana yana addu'a. Amma ɗan'uwan da ya yini a gona ko a kasuwa, ya kwana a majami'a, da gari ya waye ya ɗauki fasinjoji a mota ko a babur, yana wasa da ransa da na mutane. Wannan ba bangaskiya ba ce, gwada Allah ne, Yesu kuwa ya ƙi yin haka a kan ƙololuwar Haikali. Masana lafiya sun nuna cewa babban mutum yana bukatar barcin sa'o'i bakwai zuwa takwas a dare. Jiki magayi ne. Idan kana yawan fushi a gida, kana mantuwa, kana gyangyaɗi a kan Littafi Mai Tsarki, ba kullum ne harin maƙiyi ba. Wani lokaci jikinka ne yake karɓar bashinsa.

Shugabanni, ku dubi jerin shirye-shiryen ikilisiya na waɗannan watanni. Idan akwai taro kowane dare daga Litinin zuwa Asabar, yaushe iyali za su yi addu'ar gida? Yaushe za a ziyarci marar lafiya? Mutum yana iya zuwa taro shida a mako, ya yi waƙa kusa da ɗan'uwa, bai san an kore shi daga aiki ba.

Ku tuna Fentikos kansa idin girbi ne, Idin Makonni, lokacin da ake kawo nunan fari na alkama. Kafin ranar, abin da Yesu ya umarci almajiransa shi ne su dakata a Urushalima. Kimanin mutum 120 suka zauna tare wajen kwana goma suna addu'a da zuciya ɗaya, alhali duniya duka tana jiran bishara. Suna tare a wuri ɗaya Ruhu ya sauko, a rana ɗaya kuma aka girbe rayuka wajen 3,000. Girbi mafi girma a tarihin ikilisiya ya fara ne da mutanen da suka yarda su zauna, su jira, tare.

5. Ka bar gefen gonarka

A Littafin Firistoci 19:9-10 Allah ya hana mai gona ya girbe har bakin iyaka, ya kuma hana shi komawa ya yi kalar abin da ya zube. Wannan rabon matalauci ne da baƙo. Domin Bo'aza ya kiyaye wannan ne Rut mutuniyar Mowab ta sami wurin kala a kakar sha'ir. Bo'aza yana tsakiyar girbi, amma ya sami lokacin gaishe da masu yi masa aiki da sunan Ubangiji. Ya lura da baƙuwar fuska ya tambayi ko wace ce. Da lokacin abinci ya yi ya kira ta ta zauna tare da masu girbi, ya miƙa mata gasasshen hatsi, ta ci ta ƙoshi har ta kai wa Na'omi ragowar. Daga wannan gefen gona aka sami Obida, daga Obida aka sami Yesse, daga Yesse aka sami Dawuda, daga zuriyarsa kuma Mai Cetonmu ya fito.

Yininka ma gona ne. Idan ka girbe shi daga asuba har tsakar dare, babu gefen da ɗanka zai zo ya yi kala, babu inda matarka za ta tsinci kalma mai daɗi, babu inda baƙon da Allah ya aiko zai tsaya. Mutane ba sa faɗin abin da yake cinsu a tsaye. Sai an zauna, an yi gaisuwa, an sha ruwa, an yi shiru kaɗan, sa'an nan maganar gaske take fitowa.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Waya kyauta ce, musamman ga mai ɗa a Legas ko a wata ƙasa. Amma tura hoton barka da Lahadi ga mutum hamsin a WhatsApp ba ziyara ba ce. Manzo Yahaya, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku, ya ce yana da abubuwa da yawa da zai rubuta, amma ya fi so ya zo su yi magana ido da ido. Haka kuma ba kowace gayyata ce zumunci ba. Kana iya zuwa biki huɗu a Asabar ɗaya, ka kashe kuɗin anko da na mota, ka dawo ba ka yi magana mai ma'ana da kowa ba. Ba laifi ba ne ka aika da gudummawarka da gaisuwa, ka ce wannan karo ba zan samu zuwa ba. Marta ta cika gida da hidima domin Yesu, Maryamu ta zauna ta saurare shi, a Luka 10:38-42 kuwa mun ga wadda ya ce ta yi zaɓi mai kyau.

Abin da za ka yi a wannan mako

Na farko, ka keɓe ranar hutunka tun kafin mako ya fara, ka kuma faɗa wa iyalinka da masu yi maka aiki. Lokacin da ba a sa masa suna ba, aiki ne yake cinye shi. Isra'ilawa a rana ta shida suke dafa abin da za su ci a ta bakwai. Ku ma ku ɗebi ruwa, ku yi niƙa, ku yi guga tun ran Asabar, maza da yara su sa hannu, domin uwar gida ita ma ta ga Lahadi.

Na biyu, ka sa wa dare iyaka. Ka zaɓi lokacin da za ka rufe shago ko ka ajiye waya, ka riƙe shi kamar alkawari.

Na uku, ku ci abinci tare a gida sau ɗaya a yini, ba tare da waya ko talabijin ba. Ka tambayi kowane yaro abu ɗaya game da yininsa, ka jira amsar. Ku rufe da gajeriyar addu'a.

Na huɗu, ka rubuta sunan mutum biyu da za ka taka ka je wurinsu kafin Kirsimeti: ɗaya wanda yake ƙarfafa ranka, ɗaya wanda ba shi da gonar da zai girba, ko gwauruwa, ko maraya, ko wanda rikici ya raba da garinsu. Kada ka je hannu wofi, ko mudu ɗaya ne na sabon hatsi. Kada kuma ka je kana duban agogo.

Na biyar, in kai ne ka gaji, ka faɗa. Ka gaya wa fastonka ko wani ɗan'uwa amintacce. In jikinka yana ba ka alama, ka je asibiti a duba ka, mu kuma za mu yi maka addu'a. Biyun ba sa faɗa da juna.

A ranar ƙarshe ta Idin Bukkoki ne Yesu ya miƙe a Urushalima ya kira duk mai jin ƙishi ya zo wurinsa ya sha, Yahaya 7:39 kuma ta bayyana cewa Ruhu Mai Tsarki yake nufi. Mutanen da ya yi wa wannan kira rumbunansu a cike suke, duk da haka ya san akwai ƙishi. Idan ba ka taɓa ba shi ranka ba, hutu na gaske a nan yake farawa, domin aikin cetonka ya riga ya gama shi a kan gicciye. Idan kuwa kai nasa ne, to, ajiye laujen nan na yini ɗaya. Mai gonar ba ya gyangyaɗi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace hujja ce ka fi bayarwa idan aka ce ka huta? Me Fitowa 34:21-24 ta ce a kanta?
2. A gidanku, hutun wa ake ɗorawa a kan wuyan wani? Me za ku canja a wannan Lahadi?
3. Ta yaya za ka bambanta larura ta gaske da halin rashin tsayawa?
4. Wane ne a ikilisiyarmu ba ka gani ba kwana biyu, ba ka kuma tambaya ba?

Addu'a

Ya Uba, Ubangijin girbi, na gode domin ruwan da ka ba da, da amfanin da ka fitar, da ƙarfin da ka ba ni na yin aiki. Ka koya mini in yi aikin kwana shida da aminci, in kuma ajiye shi cikin bangaskiya. Ka tsare gonakinmu, da shagunanmu, da matafiyanmu a waɗannan watanni. Ka buɗe idona in ga gajiyar waɗanda suke ƙarƙashin inuwata. Ka ba ƙafata ƙarfin zuwa wurin wanda aka manta da shi. Ruhu Mai Tsarki, ka sabunta jikina da raina, ka mayar da farin ciki a gidana. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.